Albasa da Kanwa Ba Su Shiga Kwalba: Martani ga Mai Kiran a Bar Kauɗa

Malam, rubutunka kan adana tumatir a kwalba ya zagaya sosai a ƙasar Ƙonni. An karanta wa matan da ba su yi boko ba, kuma akwai gidajen da tun yanzu aka fara tara kwalaben mayonez ana jiran kakar tumatir. Abin da ya hana ni yin shiru ke nan. Da maganar ra'ayi ce kawai da na bar ka da naka, amma abin da ka koyar abu ne da za a dafa a zuba wa yara.

Bari in maimaita abin da ka ce yadda na fahimce shi, kada a ce na yi maka ƙari. Ka ce shanya tumatir a rana aikin da ne kuma ƙazanta ce, lokaci ya yi da za a bar kauɗa. Ka ce mace ta markaɗa kayan miyarta gaba ɗaya, tumatir da tattasai da attarugu da albasa, ta dafa har ruwan ya tsotse, ta jefa ƴar kanwa don kashe tsami, ta ɗauraye kwalba da ruwan zafi, ta zuba da zafinsa, ta kwarara mai a sama, ta murɗa murfi, ta kife kwalbar. In murfi ya lotsa ciki, a cewarka, an gama, sai shekara. In ma abu ya lalace, hanci zai faɗa.

Damuwarka gaskiya ce, ban musa ba. Duk wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Tsarnawa, Malbaza, Dogarawa da Galmi tsakanin Janairu da Maris ya ga abin da ka gani. Tumatirin garake, da na kwarin Magiya, da na babban filin noman rani na Ƙonni mai hekta sama da 2,400 wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, kusan lokaci guda yake nuna. Kwando ya faɗi har manomi ya rasa kuɗin motar kai shi kasuwa. Da damina ta kankama kuma, matar wannan manomin ce za ta aiki yaro kanti ya sayo ɗan gwangwani ko ƴar leda ta tumatirin da aka sarrafa a wata ƙasa. Mun kuma ga yadda kayan gwari ke ruɓewa a kan mota in aka rufe iyakar Illela da Ƙonni, kamar yadda aka yi a 2019 da 2023. Wanda ya tashi neman mafita ga wannan asara ya kyauta. Hanyar da ka nuna ce nake tsoro, gudun kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Clostridium botulinum. A cikin ƙasa take zaune, ƙasar garka da ta gona, ko'ina a duniya, tana manne wa duk abin da aka tono ko ya taɓa ƙasa. In wuri bai yi mata ba sai ta dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri ta kwanta, tana iya shekaru a haka, kuma babba yakan haɗiye ta a wannan hali ba abin da ya same shi. Tana farkawa ne in ta sami danshi da ɗumi, a wurin da babu iska, cikin abinci marar tsami. Nan take hayayyafa ta fitar da dafi wanda ba a san mai ƙarfinsa ba cikin dafin halittu, dafin da ke kashe jijiyoyi tun daga ido da maƙogwaro har ya kai ga numfashi. To dubi kwalbarka, Malam. Jiƙaƙƙen markaɗe ne, an toshe shi daga iska, an kashe masa tsami, an ajiye a ɗakin kwano a Illela cikin watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Babu sharaɗi ɗaya da ka rage mata.

Za ka ce ai an dafa. An dafa, amma ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, ko buhun gawayi aka ƙone a ƙarƙashinsa, kuma ɓawon nan yana jure awoyi a wannan zafin. Abin da ke kashe shi zafi ne na digiri 116 zuwa 121, wanda ba a samu sai a tukunyar ƙarfe mai kulle tururi da agogon awo a kanta. Da rayuka aka sayi wannan sani. A 1919 da 1920 zaitun na kanti ya kashe mutane a Amurka, dalilin da ya sa masu masana'antu suka ɗauki nauyin bincike, har masu bincike Esty da Meyer suka fitar da ma'aunin zafin da ake bukata a 1922. Kamfanonin gwangwani da wannan ma'auni suke aiki har yau. Gidan da ba shi da irin wannan tukunya, kariya ɗaya ce ta rage masa, ita ce tsami.

Tsami yana da ma'auni, ana ce masa pH, kuma gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon ƙarfin tsami. Iyakar ita ce 4.6. Ƙasa da nan ƙwayar ba ta iya farkawa ko da tana cikin kwalbar, sama da nan kuwa ta sami wuri. Tumatir a bakin wannan iyaka yake, wani yana ƙasa kaɗan, wani yana tsallakewa, musamman wanda ya nuna lugub, da wanda ya fashe a kwando, da wanda aka tsinko a jikin matacciyar bishiya. Su ne kuwa masu araha a ƙarshen cin kasuwa, su ne mai neman cika kwalabe za ta fi saye. Albasa tana sama da 5. Tattasai da attarugu da kuɓewa duk suna hayin haɗari. Duk lokacin da aka ƙara su a markaɗe, ɗan tsamin da tumatir ya zo da shi raguwa yake yi.

Maganar kanwa ta fi komai tayar mini da hankali. Na san inda ka samo ta, kowace mai girki ta san ƴar kanwa tana gyara miyar da ta yi tsami, kuma a miyar da za a ci a daren nan babu laifi. A kwalba kuwa tsamin nan da harshe ke ƙi shi ne mai gadin gidan, kanwa kuma korar sa take yi. Haka garin soda na burodi da wasu ke sawa a madadinta. Kamata ya yi ma a ƙara tsami. Ƙa'idar da ma'aikatar noma ta Amurka ke koyarwa ita ce cokali biyu na cin abinci na ruwan lemun tsami na kanti a kowace lita, ko rabin ƙaramin cokali na garin nan da masu awara ke kira ɗan tsami. Wadda tsami ya dame ta, ta bari sai ranar girki, bayan ta buɗe ta juye a tukunya, sannan ta jefa kanwarta.

Man da ka ce a kwarara a sama yana hana fumfuna fitowa a fuskar markaɗe, shi ya sa mata suka yarda da shi. Amma yana yin haka ne ta hanyar toshe iska, ita kuwa wannan ƙwayar rashin iska take nema. A 1983, a garin Peoria na Amurka, mutum 28 suka kamu a wani gidan abinci, kuma abin da ya kama su soyayyar albasa ce da aka bari cikin maiƙo a gefen wuta da ɗumi-ɗumi. A 1985 a Vancouver ta Kanada, tafarnuwa ce da aka yanka aka jiƙa a mai ta kwantar da mutum 36. A 1977 a Pontiac ta Amurka, barkono ne da aka rufe a kwalba ba tare da tukunyar tururi ba, mutum 59. Albasa da tafarnuwa da barkono, kayan miyarmu na kullum ke nan, mu da albasar Galmi ta kai sunanmu Abijan da Akara. Kada kuma a ce tsohon labari ne. A watan Satumbar 2023, a Bordeaux ta Faransa, kifin sardin da wani mai gidan abinci ya rufe a kwalba da hannunsa ya kama mutum goma sha biyar, mace ɗaya ta rasu, a ƙasar da ke da manyan asibitoci da injinan taimakon numfashi.

Lotsawar murfi ma ba shaida ba ce a kan abin da ke ciki. Duk abu mai zafi da aka rufe, in ya huce zai ja murfi, ko an kashe ƙwayoyin cuta ko ba a kashe ba. Kifewa kuwa tana tura markaɗe tsakanin bakin kwalba da robar murfi, ya bushe a nan, bayan makonni ya buɗe ƴar kafa.

Ban ce a bar kwalba ba. Tumatir zalla yana shiga kwalba lafiya, in an bi hanyar da mai ƙirƙirar abin ya bi. Nicolas Appert, Bafaranshen da ya wallafa littafinsa a 1810 gwamnatin ƙasarsa ta ba shi faran 12,000, cika kwalba yake yi, ya toshe, sannan ya dafa kwalbar da abin da ke cikinta a ruwa. Wannan dahuwa ta biyu ita ce ainihin aikin, kuma ita ce babu a rubutunka.

Ga yadda abin yake. A zaɓi tumatir lafiyayye, a wanke, a yanke duk inda ya taɓu, a markaɗa shi kaɗai a tafasa. A bi bakin kowace kwalba da yatsa, mai ɓantare ko tsaga a fitar da ita. A wanke da sabulu a tafasa su minti goma, ɗauraya da ruwan zafi ba ta isa ba, kuma a bar su cikin ruwan har lokacin cikawa don kada zafin tumatir ya fasa su. A fara zuba lemun tsami a gindin kwalba, sannan tumatir da zafinsa, a bar sarari kamar kaurin yatsa a sama, a goge baki da tsabtataccen ƙyalle, a rufe. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben a tsaye, ruwa ya shanye kansu da kamar yatsa biyu. Lissafin lokaci yana farawa ne daga sa'ar da ruwa ya tafasa sosai. Ƙa'idar ma'aikatar noma ta Amurka ta ce minti 35 ga rabin lita, 45 ga lita, a ƙara biyar a wurin da ya haura mita 300 sama da teku. Ƙasarmu a bakin nan take, don haka 40 da 50 ya fi kwanciyar hankali. In wuta ta mutu tafasa ta tsaya, a sake lissafi daga farko. Wadda ta dafa nata ya yi kauri kamar na gwangwani, ta sani zafi ba ya saurin ratsa abu mai kauri, sai ta yi amfani da ƙananan kwalabe na rubu'in lita ta ba su minti 50. A fitar a ajiye a tsaye kan ƙyalle, nesa da iskar hunturu, kada a taɓa sai gobe. Kwalbar da murfinta bai kama ba, a ci abin cikinta a ranar.

Murfi shi ne babbar matsalarmu a nan, kuma ka wuce shi da jimla ɗaya. Ƴar robar da ke cikin murfin mayonez don rufi ɗaya aka yi ta. Ta riga ta ɗauki sawun bakin kwalba, sau da yawa an ɓamɓare murfin da wuƙa ya lanƙwashe, wani ya fara tsatsa, wani ma na roba ne gaba ɗaya. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne kwalbar lemo mai murfin ƙarfe da ake bugawa, domin sabon murfinta ba shi da tsada kuma kowane rufi da sabo ake yi. Ƙarfen buga murfin ya fi ƙarfin mace ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙauyukanmu, kuma asusun ƙungiya ɗaya zai iya sayen ƙarfen da buhun murafe da takardar gwajin tsami. Da ka karkata alƙalaminka wajen kiran cibiyar binciken noma ta INRAN da majalisar manoma ta jihar Tawa su koyar da wannan a Gidan Idar da Badagishiri da Tajaye, da na kasance na farko da zan goya maka baya.

Ajiya kuma a ɗakin ƙasa mai sanyi da duhu, ba ƙarƙashin kwano ba. Zafin da ya haura digiri 35 yana lalata abin kwalba ko an yi shi daidai. A rubuta wata da shekara a jiki.

Sai buɗewa, inda ka ce hanci ne alƙali. Wani lokaci kwalbar da ta lalace tana wari, tana kumfa, murfi ya kumbura, ruwa ya yi tsartuwa da an buɗe. Wannan mai sauƙi ce, kowa zai zubar. Amma dafin nan shi kansa ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya canja launi, kuma ana samun sa a kwalbar da ido bai ga komai ba. Ɗan abin da za a lasa a yatsa don a ji ko ya lalace ya isa ya kwantar da mutum. Saboda haka ba a ɗanɗana abin kwalba kafin a dafa. A duba murfi tun kafin a taɓa, in ya taso ko yana motsi ƙarƙashin yatsa ko akwai sawun yoyo, an gama da ita. In murfi ya ƙi buɗuwa a zuba masa ruwan ɗumi a murɗa da ƙyalle, kada a dake shi da wuƙa gilashi ya ɓantare cikin abinci. In an ga fumfuna, kada a kwashe sama a ci ƙasa yadda aka saba, domin fumfuna tana cinye tsami ta buɗe wa ƙwayar hanya. Abin da za a zubar a binne shi da zurfi, kaji da awaki ma yana kashe su.

Akwai rahama guda a nan. Ɓawon ƙwayar yana jure tafasa, amma dafin ba ya jurewa, minti goma na tafasa sosai yana karya shi. Miyarmu takan daɗe a wuta, kuma ina kyautata zaton wannan ɗabi'a ta tsare gidaje da yawa ba tare da sun sani ba. Sai dai ba a gina koyarwa a kan sa'a. Yarinyar da aka aika ta buɗe kwalba za ta lashi cokali. Mai sauri za ta ɗumama kawai ta zuba kan taliya ko shinkafa. Ragowar da aka rufe aka mayar ɗaki a gidan da babu firji, kwana biyu ya ishe ta lalacewa, shi ya sa ƙananan kwalabe na girki ɗaya suka fi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a ƙauyukanmu ba za a gane ciwon ba. Yakan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan ci. Mutum ya fara ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, magana ta karye, haɗiya ta gagara, ga shi babu zazzaɓi kuma hankalinsa garau. Wa zai tuna da miyar shekaranjiya? Za a ce shanyewar jiki ce, ko iska, ko an yi masa sammu, a kwana ana hayaƙi da tofi alhali numfashi yana tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na masu kamuwa suna mutuwa, kuma maganin karya dafin ba a kowane asibiti ake ajiye shi ba ko a ƙasashe masu arziki. In aka ga waɗannan alamu, balle ga mutum biyu da suka ci kwano ɗaya, a garzaya asibiti a Ƙonni ko Galmi ko Tawa a wannan sa'ar, a tafi da kwalbar, a gaya wa likita abin da aka ci.

Game da kauɗa, ka yi mata rashin adalci. Gaskiya ne shanyar da ake yi a ƙasa ko a bakin kwalta, ƙura na zuba awaki na bi, tana ba miya tsakuwa da baƙin launi. Gyaran wannan bai wuce gadon kara da aka ɗaga sama, da tabarma mai tsabta, da gidan sauro a rufe ba. Abin da aka raba shi da ruwa, wannan ƙwaya ba ta da ta yi a cikinsa. Rana kyauta ce, kuma tana nan da ƙarfinta daidai lokacin da tumatir ke faɗuwa, ita kuwa kwalba sai an sayi ice ko gawayi na tafasa biyu a ƙasar da itace ke ƙaranci. Albasa tana daɗewa a rudu, ana yin gabu da ita, tattasai da barkono da kuɓewa suna shekara a bushe ba su cutar da kowa ba. Iyayenmu mata sun riga sun ware abin da rana za ta adana. Kwalba ta ɗauki tumatir zalla da lemun tsaminsa, sauran a haɗa su ranar girki.

Ina roƙonka, Malam, ka koma inda ka buga rubutun nan ka janye maganar kanwa da albasa da mai, ka ƙara dahuwa ta biyu, kafin kwandunan farko su sauka a Tsarnawa. Matan da suka tara kwalabe sun ji daga bakinka ne, daga bakinka kuma za su fi saurin karɓar gyara.